Daga Ɗagawa Zuwa Cicciɓa: Kalmomin Ɗaukar Kaya da Aikin Tsoka a Birnin Kano

Duk wanda ya tsaya a bakin Kasuwar Kurmi da hantsi, lokacin da ake shigo da kaya ta lungunan da mota ba ta iya ratsawa, zai ji wasu kalmomi suna ta maimaituwa a bakin 'yan dako da masu rumfuna. Wannan ya ce, "Kama mini in ɗora." Wancan ya daka wa yaronsa tsawa, "Kai, kada ka sure shi, cicciɓa za ka yi!" Can gefe kuma wata dattijuwa tana ce wa jikarta ta tallabi ƙwaryar da kyau, kada nono ya zube. An kafa kasuwar nan tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma har yanzu a cikin ƙwaryar birni kai da kafaɗa da gadon baya ne ke ƙarasa da kaya inda taya ta gaza.

Mai saurare zai iya ɗauka cewa waɗannan kalmomi duk abu guda suke nufi, wato raba abu da ƙasa. Ba haka ba ne. Kowace daga cikinsu tana bayyana wani aiki dabam da jiki yake yi, da tsokoki dabam, da haɗari dabam. Masanin ilmin halittu da zai zauna ya rarraba hanyoyin da jikin mutum yake bi wajen ɗaukar nauyi zai tarar cewa harshen Hausa ya riga ya ja mafi yawan layukan da yake shirin ja.

Kalmomin da ma'anoninsu

"Ɗaga" ita ce uwa. Ba ta faɗin nauyin abu, ba ta faɗin wahala. Iyakarta abu ya yi sama. Ana ɗaga hannu, ana ɗaga tuta, ana ɗaga murya. "Ɗauka" kuwa ta haɗa da mallakar nauyin da kuma tafiya da shi: wanda ya ɗaga buhu yana iya sake shi nan take, wanda ya ɗauka ya zama jakinsa har zuwa inda za a sauke. Sa'an nan tsarin aikatau na Hausa, wanda F. W. Parsons ya rarraba zuwa aji bakwai a 1960, yana ƙara wa kowace kalma fuska: a ɗago abu zuwa wajen mai magana, a ɗage shi gaba ɗaya, ko a ce ya ɗagu, wato ya yarda an ɗaga shi. Haka nan ɗauko da ɗauke.

Daga nan sai kalmomin nauyi. "Cicciɓa" ita ce ɗaga abin da ya kusa fin ƙarfin mutum, a hankali, da nishi, sau da yawa mataki-mataki: daga ƙasa zuwa gwiwa, daga gwiwa zuwa ƙirji. "Kinkima" tana nuna mutum yana tafe da abin da ya yi masa girma, yana rinjayarsa. "Sunguma" ɗauka ce ta ɗungurungum, lokaci guda, kamar yadda ɗan kokawa yake sungumar abokin karawarsa. "Sura" ta gaggawa ce, irin ta shaho da ɗan tsako. "Tallaba" kuwa babu hawa a cikinta, babu sauka. Riƙe abu ne daga ƙarƙashinsa don kada ya faɗi. Akwai kuma waɗanda suke faɗin inda nauyin ya zauna: a ɗora ko a aza a ka, a saɓa a kafaɗa, a goya a baya, a rataya a wuya, a runguma a ƙirji. Ƙamusun Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 taskoki ne ga mai son bin sawun irin waɗannan kalmomi.

Turanci ma yana da irin wannan rabe-rabe, kuma ɗalibai kan sha wuya da shi. Kalmar "lift" ta samo asali daga harshen tsofaffin mutanen arewacin Turai, tana da dangantaka da kalmar da ke nufin sararin sama, ita ce ta fi kusa da ɗaga da ɗauka. "Raise" ma'anarta a sa abu ya tashi, shi ya sa ake amfani da ita ga farashi da tarbiyyar yara, inda babu nauyin da za a auna. "Heave" 'yar'uwar kalmar "heavy" ce, wato mai nauyi, ita ce cicciɓa. "Hoist" kalmar matuƙan jirgin ruwa ce, ja da igiya, kamar yadda ake janyo guga daga rijiya. "Elevate" daga Latin take, kalmar littafi ce da likitoci. Wanda ya fassara su duka biyar da "ɗaga" bai yi ƙarya ba, amma ya zubar da rabin maganar a hanya.

Ɗagawa, tallabewa, saukewa

Tsoka ba ta san turi ba, ja kawai ta iya. A cikin kowane zare na tsoka akwai wasu siraran igiyoyi iri biyu, aktin da mayosin, jere da juna kamar yatsun hannu biyu da aka sarƙe. A 1954 ne ƙungiyoyi biyu na masana, Andrew Huxley da Rolf Niedergerke a gefe guda, Hugh Huxley da Jean Hanson a ɗaya gefen, suka nuna cewa igiyoyin ba sa gajercewa, zamewa suke yi a kan juna. Kawunan mayosin suna kama aktin, su ja, su saki, su sake kamawa gaba, kamar mutane suna janyo igiyar rijiya hannu bayan hannu. Kowane kamu da saki yana cin ƙwayar makamashi guda da ake kira ATP.

Wannan ja yana iya ƙarewa ta hanya uku. Idan ƙarfin tsoka ya fi nauyin kaya, tsokar ta gajarce, kaya ya yi sama: ɗagawa ke nan. Idan suka yi kunnen doki, babu abin da zai motsa: tallabewa ke nan. Idan kuma aka bar nauyi ya rinjayi tsoka kaɗan-kaɗan, tana ja amma tana miƙewa: saukewa ke nan. Littattafan ilmin aikin jiki sun ba kowane ɗayan ukun nan doguwar kalma ta Girkanci ko Latin, amma rabon shi ne dai wanda 'yar tallan fura ta sani.

Tallabewa tana da abin mamaki. A lissafin kimiyyar fiziks, aiki shi ne ƙarfi sau nisan da abu ya motsa. Mai tallabe da ƙwarya a tafin hannu bai motsa ta ko taƙi ɗaya ba, saboda haka a takarda bai yi aikin komai ba. Kanta ko tebur zai iya yin abin da yake yi ba tare da cin tuwo ba. Amma hannunsa yana sagewa cikin 'yan mintoci. Dalili shi ne kawunan mayosin ba su daina kamu da saki ba, suna ƙona makamashi ya zama zafi kawai. Bugu da ƙari, tsokar da ta ɗaure ba sassauci tana matse ƙananan hanyoyin jinin da ke cikinta, iskar oksijin ta ragu, dattin aiki ya taru. Shi ya sa marini a Ƙofar Mata, marinar da ake danganta kafuwarta da 1498, yake iya daɗewa yana tsoma zane a rijiyar baba yana ɗagowa. Dole ne ya ɗago, domin sai iska ta taɓa ruwan baban da ke jikin zanen yake rikiɗa daga kore-kore ya koma shuɗi. Amma tsomawa da ɗagowa suna ba tsokarsa damar matsewa da saki, jini yana zagayawa. Da za a ce ya riƙe jiƙaƙƙen zanen a sama cak, da bai kai ko'ina ba.

Saukewa kuwa ita ce mai yaudara. Ba ta cin numfashi kamar ɗagawa, amma ita ta fi yayyaga ƙananan zaruruwan tsoka. Ciwon jikin da yake tasowa kwana ɗaya ko biyu bayan aikin da mutum bai saba ba, galibi daga nan yake. Wanda ya hau Dutsen Dala ya sauko yakan zargi hawan, alhali cinyoyinsa saukowar suke kuka da ita.

Inda lissafi ya shigo

Ƙasusuwan jiki liba ne, wato irin sandar da ake tokarawa a kan wani abu don a ɗaga dutse. Giovanni Borelli, wani masani ɗan Italiya, ya nuna a littafinsa na motsin dabbobi da ya fito a 1680 cewa libar jiki juyayyiya ce: tana sayen sauri da faɗin motsi, tana biya da ƙarfi. Alal misali, tsokar ƙwanji tana manne da ƙashin hannu kimanin santimita 5 kacal daga gwiwar hannu, tafin hannu kuwa yana nesa da kimanin santimita 35. Saboda haka idan aka tallabi kilo 10 a tafi, ƙwanji sai ya ja da ƙarfin da ya kai na kilo 70.

A ƙugu ne wannan lissafi yake zama abin tsoro. Ƙashin baya jerin ƙananan ƙasusuwa ne 33, bakwai a wuya, 12 a bayan ƙirji, biyar a ƙugu, sauran sun manne a ƙasa. Tsakanin masu motsin akwai faifan guringuntsi, mai tauri a gefe, mai taushi a tsakiya. Tsokokin da ke miƙar da baya suna ja ne daga kimanin santimita 5 a bayan waɗannan faya-fayai. To, a ce mutum ya sunkuya ya kama buhun siminti mai kilo 50, buhun yana nesa da ƙugunsa da santimita 40. Tsokokin baya sai sun ja da ninki takwas, wato kilo 400, kafin a ma sa nauyin ƙirjinsa da kansa da suka rinjaya gaba. Duk wannan ƙarfi a kan faifan ƙugu yake sauka. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, a ƙa'idar da ta fitar a 1981 ta kuma sabunta a 1991, ta ɗauki matsin da ya kai kimanin kilo 350 a matsayin iyakar da bai kamata a riƙa wucewa ba, ta kuma sa kilo 23 a matsayin nauyin da ya dace a ɗaga idan komai ya yi daidai.

An auna wannan matsi a jikin rayayyen mutum. Alf Nachemson na ƙasar Suwidin ya fara a shekarun 1960, sa'an nan a 1999 Hans-Joachim Wilke da abokan aikinsa a Jamus suka sa ɗan ƙaramin ma'auni a cikin faifan ƙugun wani mutum. Yana kwance matsin ya kasance megapaskal 0.1, yana tsaye 0.5. Da ya ɗaga kilo 20 a sunkuye, ya kai 2.3, kusan ninki goma na iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota. Da ya durƙusa ya ɗaga, 1.7. Da ya riƙe kayan a jikinsa, 1.1. Mutum ɗaya ne aka auna, don haka bai kamata a mai da alƙaluman nan doka ba, amma sun nuna inda maganar ta dosa: runguma ta fi miƙa hannu sauƙi nesa ba kusa ba.

A nan ya kamata a faɗi gaskiyar da ba a cika faɗi ba. An daɗe ana koya wa ma'aikata cewa durƙusawa da miƙe baya ita ce maganin ciwon baya. Nazarce-nazarcen da aka tattara a 2008 da 2011 ba su sami shaidar cewa wannan horo shi kaɗai yana rage ciwon ba. Abin da ya fi tasiri shi ne yawan nauyin, da nisansa daga jiki, da sau nawa ake maimaitawa, da murɗa ƙugu ana ɗauke da kaya. Babu wata dabarar tsayuwa da za ta mai da buhun hatsi mai kilo 100 ya zama daidai da bayan mutum ɗaya. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawara tun 1967 cewa kada babban namiji ya ɗauki abin da ya wuce kilo 55.

Sura da cicciɓa

Kafin hannu ya taɓa kaya, ƙwaƙwalwa ta riga ta yi ƙiyasin nauyinsa ta shirya tsokoki. Kowa ya san abin da ke faruwa idan aka kama jarkar da ake zato cike take da ruwa, ashe wofi ce: hannu ya yi sama fiye da kima. Akasin haka shi ne mai cutarwa. Jarka mai lita 25 tana da nauyin kilo 25, kuma wanda ya sure ta da zaton babu komai ciki, nauyin zai faɗa wa ƙugunsa kafin tsokokin da ke kare shi su ɗaure. Ke nan, lokacin da ubangida ya ce wa yaronsa "cicciɓa za ka yi", ba gyaran Hausa yake yi masa ba. Yana gaya wa ƙwaƙwalwar yaron nauyin da za ta shirya wa.

Nishin da yake tare da cicciɓa ma yana da aiki. Mutum yakan ja numfashi, ya rufe maƙogwaro, ya ɗaure tsokokin ciki, sai cikin ya yi tauri kamar salka cike da ruwa, ya taimaka wajen tsayar da ƙashin baya. Likitoci suna kiran wannan yunƙuri da sunan Antonio Valsalva, masanin sassan jiki ɗan Italiya da ya rasu a 1723. Amma yana da farashi. Bugun jini yana hawa ƙwarai na ɗan lokaci, abin da mai hawan jini ya kamata ya kiyaya, kuma idan akwai rauni a bangon mara, matsin yana iya turo hanji ta wurin, ƙaba ta bayyana.

Har a wasannin Olimfik an raba ɗaga ƙarfe gida biyu bisa wannan bambanci. A ɗaya ana surar ƙarfen daga ƙasa zuwa saman kai da motsi guda. A ɗayan ana cicciɓarsa zuwa ƙirji tukuna, sa'an nan a tura sama. A birnin Seoul a 1988, Naim Suleymanoglu na Turkiyya, mai nauyin kilo 60, ya suri kilo 152.5, amma ya cicciɓi 190. Mutum ɗaya, rana ɗaya, kalma biyu. Ya ɗaga fiye da ninki uku na nauyin jikinsa, abin da manyan ƙarti ba sa iyawa, domin ƙarfin tsoka yana bin kaurinta ne, nauyin jiki kuwa yana ƙaruwa da sauri fiye da haka, kamar yadda Galileo ya bayyana a 1638. Sirrin tururuwa ke nan, ba wani ƙarfi na musamman ba.

Gammo

Ɗorawa a ka ita ce amsar da lissafin Borelli yake nema. Kayan da ke bisa kai yana zaune a kan layin ƙashin baya, nisansa daga matokari kusan sifiri ne, tsokokin baya ba su da ninkin da za su biya. Gammo kuma yana baza nauyin a kan faɗin ƙoƙon kai, ya hana kaya zamewa. Da kai da wuya aka gina dalar gyaɗa ta Kano bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, buhu a kan buhu.

A 1986 Geoffrey Maloiy na Jami'ar Nairobi da Norman Heglund da abokan aikinsu suka buga wani bincike a mujallar Nature a kan matan Luo da Kikuyu na Kenya. Sun tarar matan suna ɗaukar abin da ya kai kashi 20 cikin 100 na nauyin jikinsu ba tare da sun ƙara shaƙar oksijin ba, kuma suna iya ɗaukar har kashi 70. A 1995 aka ba da dalili: mai tafiya kamar lilo yake, yana hawa yana sauka a kowane taku, yana maido da kimanin kashi 65 na makamashin wannan lilo, su kuwa matan da kaya a ka suna kai wa kusan kashi 80. Labarin ya yi daɗi, ya bazu. Sai dai a 2010 Ray Lloyd da abokan aikinsa suka gwada matan Xhosa a Afirka ta Kudu, ba su sami wannan rangwame a wajen mafi yawansu ba, kuma matan sun yi ƙorafin ciwon wuya. Tun 1968 ma likita Laurence Levy ya ba da rahoton 'yan dakon buhunan hatsi a ƙasar da ake kira Zimbabwe a yau, waɗanda wuyansu ya karye ko ya goce, wasu suka shanye. Ƙasusuwan wuya bakwai ƙanana ne, laka kuma ta cikinsu ta bi. Abin da gammo ya sauke wa ƙugu, wuya ya ɗora wa. Wannan ya fi zama abin dubawa ga yara masu talla da masu ɗebo ruwa, waɗanda ƙashinsu bai gama ƙosawa ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne suke fama da ciwon ƙugu a 2020, kuma shi ne kan gaba wajen hana mutane aiki a duniya. Ga ɗan dako, wanda abincin gidansa yake rataye da abin da ya ɗauka a ranar, mako guda a kwance ba hutu ba ne. Idan irin wannan mutum ya je gaban likita, a Asibitin Ƙashi na Dala ko a ƙaramin asibitin unguwa, kalmar da ya zaɓa bayani ce. "Na suri buhu sai na ji ƙas" labari ne dabam da "na wuni ina kinkimar kaya". Na farko yana nuna rauni na farat ɗaya, na biyu gajiyar da ta taru. Haka kuma idan ma'aikacin lafiya ya ce wa wanda aka yi wa aiki a ciki "kada ka ɗaga abu mai nauyi", mai goyon ɗan shekara biyu ko mai janyo guga yana iya tafiya gida da zaton maganar ba ta shafe shi ba, tun da shi goyo yake yi ko ja, ba ɗagawa ba. Gara a ambaci ayyukan da sunayensu.

Mafi haɗarin lokaci a aikin dako shi ne tsakanin ƙasa da kai, wajen ɗorawa da wajen saukewa, domin a nan ne kaya yake nesa da jiki, wuya kuma yake karkace. "Kama mini" ta raba nauyin wannan lokaci gida biyu, kuma Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Fataken da suke zuwa Gwanja sayen goro sun san haka. Sukan ɗaure kayansu a kan dogayen sanduna da suka zarce gaba, ta yadda idan an iso loko mai kaya zai jingina ƙunshin a reshen itace ko ya tokare shi da sanda, ya zame kansa daga ƙarƙashi ya huta. Idan madugu ya ce a tashi, sai ya gyara gammo, ya sake shiga ƙarƙashin kayan, ya miƙe da ƙarfin cinyoyinsa, ba tare da kayan ya taɓa ƙasa ba.